Maɓalli Uku a Aljihun Tela

Tela mutum ne da ba ya iya ganin abu biyu, ɗaya ya fi ɗaya, ya bar su haka. In hannun riga ya zarce ɗan'uwansa da rabin farce, sai ya farke ya sake, ko da mai rigar na tsaye a kansa yana rantsuwa cewa hakan ma ya yi. Labulen shagonsa biyu ne, tsawonsu ɗaya. Kujerun baƙi biyu ne, matashinsu iri ɗaya. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo yakan ce da Tela zai samu dama, da tuni ya rage wa babban yatsa ƙiba don ya yi daidai da sauran.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo masa ba. 'Ya'yansa biyu ne a duniya, tagwaye mata, kuma uwarsu, Allah ya jiƙanta, ta bar masa su tun ba su iya ɗaura ɗankwali ba. Abu ɗaya ta roƙe shi, kada ya bambanta su. Shi kuwa ya riƙe maganar da hannu biyu, har ya kai ta inda mai ita ba ta nufa ba. In ya sayo lemo sai ya ƙirga ɓarensa kafin ya raba. In ɗaya ta yi zazzaɓi, sai ya taɓa goshin ɗayar ma don kada ta ce an manta da ita. In ɗaya ta yi laifi kuwa, to su biyun za su sha faɗa, mai laifi da 'yar kallo.

Wadda ta fara fitowa duniya siririya ce mai kaifin baki, ya sa mata Allura. Wadda ta biyo bayanta shiru-shiru ce, duk inda Allura ta bi nan take bi, ya sa mata Zare. Sunayen suka kama su, har unguwa ta manta da na yanka.

Ɗinkinsu ma haka yake yi. Ya ninka yadi biyu, ya zana da alli sau ɗaya, ya sa almakashi sau ɗaya, riga biyu su fito awo ɗaya. Suna ƙanana abin ya yi kyau, mutane na tsayawa a hanya suna sa musu albarka. To amma girma ba ya shawara da tela. Allura ta tsaya a siririyarta, Zare ta yi jiki, ta ɗauko faɗin kafaɗar uwarta. Sai Tela ya nemi tsakiya ya riƙa yanka a nan, Allura tana iyo cikin tata rigar, Zare tana matse a tata. Allura takan yi ƙorafi har maƙwabta su ji, sannan ta kama ƙugun da fil ta fice. Zare ba ta taɓa cewa komai ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle idon tela. Ya gani sarai, ya kau da kai, domin a ganinsa ranar da ya auna su daban ranar ya karya alkawari.

Yanzu sun girma. Allura ma'aikaciyar jinya ce a asibiti, inda bakinta ya samu wurin aiki. Zare kuwa malamar kimiyya ce a makarantar sakandaren da ke ƙarshen layinsu, sai dai har yanzu a kan gwaji take. Wannan aikin shi ne abu na farko da ta taɓa so ba tare da Allura ta riga ta so ba. Tun tana ƙarama takan jera ƙullin zaren babanta a kan benci tana koya musu karatu, har da dukan wanda bai amsa ba. Amma da sufeton malamai ya zo duba ta a karo na farko, sai ta kafa ido a littafi ta karanta har aka buga ƙararrawa. Sufeto ya ce zai dawo sau ɗaya. In ta yi abin kirki a tabbatar da ita, in ba ta yi ba a ba wani ajin. Tela ya san haka, kuma tun ranar da ya ji ba ya cin abinci da daɗi.

Ana gobe Sufeto zai dawo, da yamma, Zare ta shigo shago ta tsaya gaban kantar da gwangwanayen maɓalli suke.

"Baba, maɓalli nake so. Masu yawa, kala biyu, amma girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya."

Tela ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. Ba a cika zuwa wurinsa neman taimako a kan kimiyya ba, don haka ya gyara zama. Ya sauko da gwangwani biyu na maɓallan ƙarfe, jajaye da baƙaƙe, ragowar ɗinkin kayan 'yan fareti da ya taɓa yi. Ya ce mata waɗannan gida ɗaya suka fito, fenti ne kawai ya raba su.

"Me za ki yi da su?"

"Yuraniyom zan koyar gobe. Wani ƙarfe ne mai nauyi da ake haƙowa daga ƙasa, da shi ake samar da wutar lantarki a wasu manyan tashoshi. Ka san duk abin da ke duniya ƙananan ƙwayoyi ne suka taru suka yi shi, ƙwayar zarra. Kowace ƙwaya tana da cibiya, a cikin cibiyar akwai abu iri biyu a dunƙule, furoton da nutron. Jajayen nan su ne furoton, baƙaƙen su ne nutron. So nake ka ɗinka min jaka biyu na raga, in zuba su, yara su ga cibiyar da idonsu, su riƙe ta a hannu. Ba na so in sake tsayawa ina karanta musu littafi."

"Jaka biyu," in ji Tela. "Na gane, na gane."

Bai gane ba. A ransa ya ɗauka ɗaya na ɓangaren dama na aji ne, ɗaya na hagu, don kada wasu yara su ce an fifita wasu, ya kuma ji daɗi cewa yarinyar ta gaji tarbiyya. Zare ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ga wani mai wando ya shigo yana cewa tafiya zai yi, a taimaka a sake masa zif. Tela ya koma kan keke. Ita kuma ta ja faranti biyu zuwa teburin yanka ta shiga ƙirga, leɓenta na motsi, ba ta so a yi mata magana.

Da ya sallami mai wando ya yanko ragowar gidan sauro ya ɗinka jakunkuna biyu masu kewaye. Zare ta ɗora su a tafin hannu ta yi dariya, dariyarta ta farko a makon.

"Shi ya sa na zo wurinka, Baba. Duk duniya ba mai iya ɗinka abu biyu su zo daidai haka sai kai."

Ta zuba maɓallan, kowace jaka da nata farantin. Haske ya riga ya ragu, idon Tela kuwa ba ya iya ƙaramin ɗinkin hannu in rana ta yi sanyi. Ya ce ta bar su, da safe zai rufe bakinsu. Ta roƙe shi ya ɗinke da ƙarfi, domin yara za su riƙa miƙa wa juna, kada su zube a gaban Sufeto.

Da safe, kafin ta gama shiri, ya buɗe shago ya ɗauko jakunkunan. Yana da ƙa'ida tun yana koyon sana'a, ba ya rufe bakin abu sai ya duba cikinsa. Ya juye jaka ta farko a kan tebur ya ƙirga, jajaye casa'in da biyu, baƙaƙe ɗari da arba'in da uku. Ya mayar. Ya juye ta biyu, jajaye casa'in da biyu, daidai. Baƙaƙe kuwa ɗari da arba'in da shida. Ya sake ƙirgawa da ƙarshen almakashi, biyar-biyar, yadda yake yi in ba ya so ya yi kuskure. Ɗari da arba'in da shida dai.

Tausayin yarinyar ya kama shi har idonsa ya yi zafi. Wato tsoro ya ci ta har ƙirga ta gagare ta. Da bai duba ba, da haka za ta kai abin gaban Sufeto, ɗaya ta fi ɗaya, ta sha kunya. Ya leƙa gwangwani ko zai cike wa mai kaɗan ɗin, ya tarar ta kwashe baƙaƙen tas. Sai ya tsince uku daga mai yawan ya jefa a aljihun gaban rigarsa, ya ɗinke bakin jakunkunan da ɗinki mai kyau, irin wanda yake yi wa kayan amare. Ya yanke shawarar ba zai gaya mata ba. Mai shirin jarrabawa ba a nuna masa kuskurensa a bakin ƙofa.

Ta fito sanye da sabuwar rigar da ya ɗinka mata don wannan rana, shuɗiya, wadda 'yar'uwarta ke rataye a ɗaki tana jiran Allura. Ta karɓi jakunkunan, ta duba alamar jan zare da ta ɗaura wa ɗaya, ta zuba su a jakarta.

"Baba, ka yi min addu'a."

"Tun asuba nake yi. Je ki, Allah ya ba da sa'a."

Hantsi ya ɗaga sa'ad da Allura ta dawo daga aikin kwana. Ta faɗa kan kujerar baƙi ta cire takalmi tana mitar wani majinyaci da ya hana kowa sakat. Tela ya bar ta ta gama, domin abin da ke bakinsa yana masa daɗi, ba ya so a katse shi.

"Yau na ceci ƙanwarki," ya ce. Ya zaro maɓallan uku ya baje a tafin hannu. "Ta yi kuskuren ƙirga, ɗaya ta fi ɗaya da uku. Na daidaita mata su ba ta sani ba."

Allura ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa. Barcin da ke idonta ya washe.

"Baba, ka cire daga mai yawan?"

"To daga ina zan cire?"

"Baba, waɗannan ukun su ne darasin gaba ɗaya. Kwana da kwanaki tana maimaita min shi har na haddace, ni da ba ruwana da yuraniyom. Iri biyu ne. Duka furoton ɗinsu casa'in da biyu, amma ɗaya nutron ɗinsa ɗari da arba'in da uku, ɗaya ɗari da arba'in da shida. A sikeli za ta ɗora su, ta nuna wa yara ɗaya ya fi nauyi. Ta aro sikelin ɗakin gwaji don haka kawai."

Tela ya dunƙule hannunsa a kan maɓallan.

"Da gangan ta yi?"

"Da gangan. Garin gyaran gira ka tsone ido, Baba. Kai komai sai ka daidaita, ko ba a sa ka ba."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya fita da awon ɗinki a wuyansa, silifa ɗaya nasa ɗaya na Allura, bai ko ja ƙofar shago ba. Mai gyaran rediyo ya ɗago yana tambaya ko gobara ce, bai samu amsa ba. Mai gadin makaranta ya san shi, shi ya ɗinka masa kakin da ke jikinsa, don haka ya buɗe ƙofa ya nuna masa ajin da hannu. Tela ya bi bayan ginin ya tsaya a bakin taga yana haki.

Ajin a cike yake. A can baya Sufeto na zaune a kan bencin ɗalibai, dattijo mai tabarau, gwiwoyinsa sun tokare teburin gabansa. Zare na tsaye gaban allo, kuma abin da ya fara ba Tela mamaki shi ne babu littafi a hannunta. Muryarta na fita. Ta riga ta zana ƙwayar zarra, cibiya a tsakiya, ƙananan ƙwayoyin da ake kira ilektoron guda casa'in da biyu na kewaya ta a zagaye-zagaye. Jakunkunan biyu sun gama yawo a hannun yara sun dawo teburinta.

"Wannan mai jan zaren," in ji ta, "shi ne yuraniyom ɗari biyu da talatin da takwas. Wannan kuma ɗari biyu da talatin da biyar. Lambar jimillar abin da ke cikin cibiya ce, jajaye da baƙaƙe. A ido ba ku ga bambanci ba, a hannu ma ba ku ji ba. To bari mu tambayi sikeli."

Tela ya ɗaga hannu, amma ba shi take kallo ba. Ta ɗora ɗaya a faranti na dama, ɗaya a na hagu. Sikelin ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya cak a tsakiya. Ko Tela da kansa bai taɓa ganin abu biyu da suka zo daidai haka ba, kuma bai taɓa jin haushin iya aikinsa ba sai yau.

Zare ta taɓa farantin da yatsa, ya sake lilo ya koma tsakiya. Ta sauya musu wuri, bai canja ba. Wani a baya ya yi ƙaramar dariya. Sufeto ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Tela ya ga idon 'yarsa ya tafi kan littafin da ke rufe a gefen tebur, ya san in ta buɗe shi shi ke nan. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige cikinta.

Sai ya zura hannu ta tagar ya buɗe tafinsa.

Ta gani. Ta dubi baƙaƙen maɓallan uku, ta dubi babanta da awo a wuya da gumi a goshi, kuma ba ta buƙaci a yi mata bayani ba, domin a gidan ta tashi. Ya zaci zai ga fushi. Sai ya ga gefen bakinta ya motsa, irin yadda na uwarta ke yi in ya yi wata wauta. Ta ja numfashi, ta ture littafin can gefe, ta juya ga aji.

"Na ce muku ɗaya ya fi nauyi. Sikeli ya ce ƙarya ne. Wa za mu yarda da shi, ni ko sikeli?"

Yara suka dubi juna. Wata yarinya a layin gaba ta ce a hankali, "Sikeli, Malama."

"Sikeli. A kimiyya ko malama ce ta faɗa, sai an auna. To in nauyinsu ɗaya, me ke nan a cikinsu?"

"Adadinsu ɗaya."

"Wato duka biyun ɗari biyu da talatin da biyar ne, an rage wa ɗaya a hanya. Nawa za mu ƙara wa mai jan zaren ya koma yadda na ce?"

"Uku," aji ya amsa gaba ɗaya.

"Jajaye ko baƙaƙe?"

Nan aka rabu. Wani dogo ya ce ai duk ɗaya ne tunda nauyinsu ɗaya, a zuba jajaye. Zare ta ce ya tashi ya kare maganarsa. Ya tashi ya yi ta kame-kame, 'yan'uwansa na ja da shi, hannaye suka tashi ta ko'ina. Ta bar su suka ɗan yi, sannan ta ɗaga jakar sama.

"In na zuba jajaye uku, sikeli zai rinjaya, gaskiyarka. Amma jajaye sun zama casa'in da biyar, kuma daga nan abin ya tashi daga yuraniyom, ya zama wani sinadari daban mai wani suna. Jajayen nan casa'in da biyu su ne sunan gida. Duk ƙwayar da ke da su yuraniyom ce, ko ta yi nauyi ko ba ta yi ba. Baƙaƙen su ne ke iya bambanta, kuma 'yan gida ɗaya masu nauyi daban su ake kira aisotof. Saboda haka nutron uku muke nema." Ta juya wajen taga. "Ga su can kuwa sun iso da ƙafarsu. Baba, shigo."

Dariya ta ɓarke. Tela ya zagayo ya shiga da silifa kala biyu, ya yi sallama, ya rusuna wa Sufeto, ya rusuna wa yara ma don kada ya bambanta. Da ya isa teburin sai kunya ta sake shi, domin an zo wurin da ya iya. Ya zaro reza daga aljihu ya farke bakin jakar, ya miƙa wa dogon nan maɓallan ya jefa da hannunsa, aji na ƙirgawa. Ya ciro allurar da kullum ke soke a wuyan rigarsa da zarenta, ya ɗinke. Zare ta mayar da jakar kan sikeli. Farantin mai jan zare ya sauka a hankali, ɗan kaɗan, amma har na baya sun gani.

Ta ci gaba, kuma yanzu ba mai iya tsayar da ita. Ta ce a cikin ƙwaya dubu na yuraniyom da aka haƙo, kusan bakwai ne kawai marasa nauyin, sauran kusan duk masu nauyin ne, da wani ɗan'uwansu na uku da ba a cika samu ba. Ta ce a wurin haɗuwa da sauran sinadarai halinsu ɗaya ne, shi ya sa raba su ke da wuya. Amma marar nauyin, in nutron mai tafiya a hankali ya faɗa cibiyarsa, sai ta tsage biyu ta saki zafi mai yawa, mai nauyin kuwa yawanci haɗiye nutron ɗin yake ya zauna.

"Kowanne da halinsa," in ji ta, "kuma ba wanda ya fi wani zama yuraniyom."

Tela na tsaye a jikin bango, ba wanda ya ce ya fita. Daga nan ne ya ga abin da bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Zare ta ɗauki alli za ta rubuta lambobin, ta ɗaga hannu, rigar ta riƙe ta a hammata, ɗinkin kafaɗa ya ja har zare ya nuna. Ta sauke hannun ta rubuta a daidai ƙirjinta. Ya duba allon, ya ga duk rubutunta a rabin ƙasa yake, rabin sama fes ba ko ɗigo. 'Yan baya sai miƙa wuya suke suna leƙe ta kafaɗun na gaba.

Da aka buga ƙararrawa yara suka fita suna gardamar jajaye da baƙaƙe. Sufeto ya zare gwiwoyinsa daga ƙarƙashin tebur ya tako gaba.

"Malama, shirya wannan kuka yi ke da Baba?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ban san an taɓa jakar ba."

"Na yi zaton haka, don na ga idonki ya tafi kan littafi. Na kuma ga kin ture littafin. Abin da na zo gani ke nan. Ajin naki ne, zan rubuta haka." Ya nuna allon da baki. "Gyara ɗaya gare ki. Ki riƙa rubutu a sama. Na zauna a baya, rabin abin da kika rubuta ban gani ba."

"To, ranka ya daɗe, zan gyara," in ji Zare, ba ta ko dubi babanta ba.

Wannan rashin duban ya fi yi wa Tela ciwo a kan duk abin da ya faru a ranar. Ya gane cewa ta daɗe da sanin dalilin, ta kuma zaɓi ta ɗauki laifin ta yi shiru, kamar yadda ta yi shiru shekara da shekaru. Farin ciki da kunya suka haɗu masa, har godiyar da zai yi wa Sufeto ta fito a guntule.

Da aka tashi makaranta ta biyo ta shago. Allura na nan, ta ƙi zuwa barci, ta riga ta ji labari daga bakin Tela, ta kuma riga ta yi masa tsiyar silifa har ta gaji. Tagwayen suka rungume juna. Tela ya bar su suka gama, sannan ya ciro awon daga wuyansa.

"Zare, zo ki tsaya nan."

Allura ta miƙe ita ma, don ita aka saba aunawa a ƙara kaɗan.

"Ke zauna," ya ce. "Ita kaɗai."

Zare ta tsaya a gabansa ta buɗe hannuwa. Ya ɗora awon daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya kai yatsa kan lambar, ya daɗe yana kallo. Faɗin kafaɗar uwarsu ne sak, lambar da bai manta ba. Ya share ido da bayan hannu ya ce ƙurar yadi ce.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa min tana matse ki ba?"

"Na san dalilin da ya sa kake yi, Baba. Ban so ka ga kamar ka saɓa wa mahaifiyarmu."

"Ita ce za ta fara yi min faɗa da ta ga allon nan." Ya matsar da awon zuwa hammata. "Ɗaga hannunki. A'a, sama sosai, kamar za ki rubuta a can ƙarshen allo."

Ta ɗaga. Ɗinkin kafaɗar shuɗiyar rigar ya ce ɓarr, ya farke har baya. Allura ta faɗi kan kujera tana dariya, Zare ma ta kama, hannunta na sama ba ta sauke ba.

"Bar shi a nan," in ji Tela, "kada ki motsa."

Ya auna, ya rubuta lambar da alli a gefen tebur. Sannan ya jawo sabon yadi daga kanta ya shimfiɗa. Hannunsa ya kama gefen zai ninka biyu kamar kullum, ya tsaya, ya sake shi, ya baje yadin falle ɗaya, ya soma zana rigar Zare.